Laccoci 20,000 a bayan ƙofa: yadda Jami'ar Berkeley ta rubuta ƙa'ida ba ta naɗa mai bin ta ba

A ranar 15 ga Maris, 2017, Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fara janye laccoci sama da 20,000, na bidiyo da na sauti, daga hannun jama'a. Shekara da shekaru suna nan kyauta a YouTube da iTunes U, dandalin darussa na kamfanin Apple, duk mai intanet yana iya zama ya saurari darasin lissafi ko tarihi ko ilimin kwamfuta daga bakin manyan malamai ba tare da ya biya ko sisi ba. Daga wannan rana sai aka riƙa mayar da su bayan ƙofa, babu mai gani sai wanda yake da lambar shiga ta jami'ar. Abin da ya jawo haka wasiƙa ce da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta aika wa jami'ar a ƙarshen watan Agustan 2016, inda ta ce kaso mai yawa na abin da jami'ar take sakawa a intanet kurame da makafi da waɗanda ba sa iya riƙe linzamin kwamfuta ba sa iya amfani da shi, kuma hakan ya saɓa wa dokar kare haƙƙin naƙasassu ta ƙasar, wato ADA, wadda aka sa wa hannu a 1990. Sashe na biyu na dokar ya shafi hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi, Berkeley kuwa jami'ar jiha ce.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne wurin da ya faru. A Berkeley ne Ed Roberts, wanda shan inna ya bari yana kwana a cikin injin numfashi, ya shiga karatu a 1962, aka ba shi ɗaki a asibitin jami'ar saboda ɗakunan kwanan ɗalibai ba za su ɗauki injin ba. Daga shi da abokansa aka samu shirin tallafa wa ɗalibai naƙasassu a 1970, sannan cibiyar zaman dogaro da kai ta naƙasassu a garin a 1972, wadda aka yi ta kwaikwayo a faɗin ƙasar. Ke nan ba za a ce mutanen wannan jami'a ba su taɓa jin batun ba. Ba za a kuma ce ba su da ƙa'ida ba, domin tun 2013 hukumar da ke kula da dukkan rassan Jami'ar Kalifoniya ta fitar da manufa a rubuce, ta ɗauki mizanin WCAG 2.0 a matakin AA (na tsakiya cikin matakansa uku), wanda a lokacin shi ne mizanin da duniya ta fi amfani da shi wajen auna ko shafin intanet ya dace da naƙasassu. Akwai tarihi, akwai takarda, akwai ma ofisoshin da ke taimaka wa malami idan ya nema. Duk da haka aka wayi gari da tulin laccocin da kurma ba zai iya bi ba.

Abin da masu bincike suka tarar

Koke ya fito ne daga kurame biyu masu aiki a Jami'ar Gallaudet da ke Washinton, jami'ar da aka kafa domin kurame. Suna son amfani da darussan Berkeley don ƙarin ilimi da koyarwa, suka ga babu hali. Ma'aikatar Shari'a ta duba wurare uku: darussan kyauta da jami'ar ke bayarwa a dandalin edX, tasharta ta YouTube, da abin da ta saka a iTunes U.

Matsala ta farko ita ce rubutun magana da ke fitowa a ƙasan bidiyo. Wasu bidiyon babu shi sam. Wasu kuma akwai, amma na inji ne, wanda YouTube ke samarwa da kansa tun 2009, ba tare da wani ya zauna ya gyara ba. Mutane da yawa suna ganin rubutu na gudana a ƙasan allo sai su ɗauka an gama aiki. A yi lissafi. Malamin da ke faɗin kalma 150 a minti, a laccar minti 50 zai faɗi kalma 7,500. Idan injin ya dace a kashi 95 cikin ɗari, an bar kuskure 375 ke nan a lacca ɗaya. Kuma kurakuran ba sa faɗawa kan ƙananan kalmomin da mai karatu zai iya cikewa da kansa. Sun fi faɗawa kan sunan sinadari, sunan masani, alamar lissafi, wato ainihin abin da ɗalibi ya zo koya. Kalmar korewa guda ɗaya ta ɓace, jimlar ta juya ma'ana, kurma kuwa ba shi da hanyar sanin an yi haka. Rubutun inji na wancan lokaci ba ya sa aya ko waƙafi, ba ya nuna wa ke magana. Idan ɗalibi ya yi tambaya daga bayan aji ba tare da makirufo ba, sai a ga amsa ta fito ba tambaya.

Ta biyu ta makafi ce, kuma ta fi wuyar ganewa ga mai ido. Malami yana tsaye gaban allo, ya zana jadawali, ya nuna da alli ya ce, "Kun ga wannan? Idan ya hau nan, wancan sai ya sauko." Duk wanda ke cikin aji ya gane. Makaho da ke sauraro a gida bai samu komai ba sai "wannan" da "nan" da "wancan". Mizanin WCAG a matakin AA yana buƙatar a ƙara bayanin murya kan abin da ake nunawa a bidiyon da aka naɗa. Yin hakan bayan an gama naɗa aiki ne mai tsada: a rubuta bayanin, a nemo gurbin da malami ya yi shiru, a naɗa wata murya a saka. Da malamin ya saba faɗin abin da yake nunawa, ya ce "layin farashi ya tashi daga biyu zuwa biyar, layin buƙata ya sauko," da rabin aikin ya ƙare tun a cikin aji ba tare da an kashe kwabo ba. Wannan ɗabi'a ce ta koyarwa, kuma horo ne kaɗai ke kawo ta.

Sauran matsalolin sun shafi takardu da shafukan kansu. An samu takardun PDF da ba a tsara su yadda manhajar karanta allo za ta bi ba. Irin waɗannan manhajoji, kamar JAWS da NVDA da VoiceOver, suna karanta wa makaho abin da ke kan allo da murya, kuma suna dogara ne da alamomin da ke ɓoye a cikin takarda: wannan kanu ne, wannan jadawali ne, wannan hoto ne ga bayaninsa. Takardar da aka ɗauki hotonta da na'ura aka saka haka nan, a wurin manhajar farar takarda ce. An samu rubutun da launinsa bai fita sosai daga launin bayansa ba, alhali mizanin ya ce bambancin hasken ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. An samu zane-zanen da launi kaɗai ke bambanta layukansu. An samu lissafin da aka saka yadda manhajar ba za ta iya furta shi ba. An kuma samu mahaɗan shafi da ba sa buɗuwa sai da linzami, wanda ke nufin mai amfani da madannai kaɗai, saboda makanta ko rawar hannu ko shanyewar jiki, zai yi ta danna maɓallin Tab yana tsallake abin da yake nema.

Inda igiyar ta tsinke

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari fasahar lokacin. Abin da wasiƙar ta fito da shi fili shi ne yadda ake sakin abu zuwa intanet. Malamin da ke son yin darasi a edX yana da zaɓi biyu: ya yi aiki da cibiyar jami'ar mai kula da karatun intanet, wadda ke duba waɗannan abubuwa, ko ya haɗa abinsa da kansa. Daga tsakiyar 2015 aka ce wanda ya haɗa da kansa ya sa hannu a wata takarda cewa ya karanta ƙa'idojin kuma ya bi su. Sa hannu aka nema, ba a sa wani ya buɗe darasin ya gwada ba. Da masu bincike suka sake dubawa a farkon 2016, matsalolin suna nan. A ɓangaren YouTube da iTunes U kuwa, taimako yana nan ga wanda ya nema, amma ba a wajabta wa kowa nema ba.

Wannan shi ne zuciyar lamarin. Manufar 2013 ta faɗi mizanin da za a bi, amma a wurin da bidiyo ke barin hannun malami ya shiga duniya babu wanda aka ɗora wa alhakin cewa "tsaya, wannan bai cika ba." Farfesan kimiyyar sinadarai da ya sa hannu a takardar ba lalle ne ya yi ƙarya da gangan ba. Bai taɓa jin yadda manhajar karanta allo ke karanta takardarsa ba, don haka bai san abin da yake shaidawa ba. Takardar shaida irin wannan amfaninta ɗaya ne: ta kwashe alhaki daga hukuma ta ɗora wa mutumin da ba a koya masa aikin ba.

Sai kuma al'adar da ta ginu a kan buƙatar mutum ɗaya. Jami'o'in Amurka sun saba da tsarin da ɗalibi mai rajista zai je ofishin naƙasassu, ya kawo shaida, a ba shi tafinta na maganar hannu ko a sa wa bidiyon darasinsa rubutu. Tsarin yana aiki daidai gwargwado a cikin harabar makaranta, inda aka san ɗalibin da sunansa. Da zarar an saka lacca ga duniya, babu ofishin da baƙo zai je, kuma jami'a ba ta san wa ke kallo ba. Hanyar da ta rage ita ce a gyara abu kafin a sake shi. Berkeley ta fara yaɗa laccoci ta intanet tun shekarun 1990, ta shiga iTunes U a 2006, ta fara saka cikakkun darussa a YouTube a 2007, amma ta ci gaba da tunani irin na "in an nema a yi". Kowane zangon karatu ana ƙara ɗaruruwan sa'o'i a kan tulin, bashi yana taruwa ba wanda ke rubuta shi a littafi.

Girman bashin ba ya da wuyar kintata. A ɗauka, don misali kawai, kowace lacca awa ɗaya ce, kuma kamfanin rubutu yana karɓar dala ɗaya a minti. Laccoci 20,000 sun zama minti miliyan 1.2, wato dala miliyan 1.2, kafin a taɓa bayanin murya ko gyaran takardu, waɗanda suka fi tsada. Da an raba wannan kuɗi a kan shekaru goma da sassa masu yawa, da ya zama ƙaramin layi a kasafin kowane sashe. Da ya zo a dunƙule, lokacin da jami'ar ke kukan giɓin kasafi, sai ya zama dutse.

A fasa kowa ya rasa

Mataimakiyar shugaban jami'ar mai kula da karatun digirin farko a lokacin, Cathy Koshland, ita ce ta sanar da matakin a farkon Maris na 2017. Ta ce jami'ar za ta mayar da hankali kan sababbin abubuwa da za su dace da kowa, kuma kulle tsofaffin zai kare haƙƙin malamai daga masu satar laccoci suna neman kuɗi da su. A bisa doka, abin da ba a ba jama'a ba ba za a ce an hana wa kurma shi ba. A aikace, kurman da ya kai ƙara bai samu laccar ba, mai ji ma ya rasa ta.

Mummunan abin da ya biyo baya shi ne inda fushin jama'a ya sauka. Maimakon a tambayi yadda aka yi shekara goma ana saka bidiyo ba rubutu, sai da yawa suka juya kan masu koken da kan dokar, ana cewa su suka jawo. Wannan rashin adalci ne, domin wasiƙar Ma'aikatar Shari'a gyara ta nema, ba ta ce a goge komai ba. Kafin a kammala kullewar ma, wani dandali mai suna LBRY ya kwafe laccocin ya saka a wurinsa, yadda suke, ba rubutu.

Akwai hanya ta tsakiya da duk mai wannan sana'a zai ba da shawara. A ciro alƙaluman kallo, domin a irin wannan rumbu kaɗan ne daga cikin bidiyon ke ɗauke da yawancin masu kallo. A fara da su. A ware waɗanda aka maimaita, kamar darasi guda da aka naɗa a zango shida, a bar mafi kyau. A buɗe hanyar da mutum zai nemi a gyara masa wata lacca ta musamman, da wa'adin kwanaki da aka sanar. A sa sharaɗi cewa daga yau babu sabon abu da zai fita sai ya cika. Wannan ba ya share bashin a dare ɗaya, amma yana tsayar da ƙaruwarsa, kuma yana nuna wa hukuma jadawali maimakon ƙofa a rufe.

Yarjejeniyar 2022

Kulle laccocin bai kashe maganar ba, domin jami'ar ta ci gaba da wallafa taruka, jawabai, bukukuwan yaye ɗalibai da sauran shirye-shirye a shafukanta da YouTube da dandalin sauti na Apple. A watan Nuwamban 2022 Ma'aikatar Shari'a ta shigar da ƙara a kotun tarayya ta Arewacin Kalifoniya tare da yarjejeniyar sulhu da ɓangarorin biyu suka amince da ita, mai tsawon shekara uku da rabi. A lokacin jami'o'in Harvard da MIT, waɗanda Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa ta kai ƙara a 2015 kan irin wannan batu, sun riga sun sasanta a 2019 da 2020.

Abin lura a yarjejeniyar shi ne yawancin sharuɗɗanta kan mutane ne da tsarin aiki. Mizanin bai canza ba, WCAG 2.0 ne a matakin AA, wanda jami'ar ta riga ta rubuta wa kanta tun 2013. Abin da aka ƙara shi ne a sabunta manufofi, a naɗa jami'i guda mai alhakin wannan aiki, a horar da ma'aikatan da abin ya shafa, a riƙa gwada abin da ake sakawa, a kuma ɗauko mai bincike daga waje ya tantance. Kowane ɗaya yana toshe wata kafa da aka gani a 2016, kuma kowanne yana da yadda yake lalacewa in an yi shi don cika sharaɗi kawai.

Jami'in da aka naɗa, idan ba shi da kasafi kuma ba shi da ikon dakatar da wallafa, zai zama akwatin koke. Ana so ya kasance yana kai rahoto ga wanda ke iya ba shugabannin sassa umarni, kuma kowane sashe da ke da tasha ko shafi ya ba da sunan mutum ɗaya da za a tuntuɓa. Matakin farko ma shi ne ƙidaya: shafuka nawa, tashoshi nawa, wa ke riƙe da kalmar sirrin kowacce. Manyan cibiyoyi kan gano tashoshin da wanda ya buɗe su ya bar aiki tuntuni.

Horo na taron awa ɗaya ga kowa da kowa ba ya canza komai, domin ayyukan sun bambanta. Malami abu kaɗan yake buƙata, amma ya zama jiki: ya faɗi abin da yake nunawa, ya maimaita tambayar ɗalibi a makirufo, ya yi amfani da kanun da manhajar rubutu ta tanada maimakon ya ƙara wa haruffa girma da hannu, ya rubuta bayanin hoto da ke faɗin abin da hoton ke koyarwa, ya rubuta lissafi da tsarin da inji ke karantawa kamar MathML maimakon ya liƙa hotonsa. Mai tace bidiyo yana buƙatar sanin gyaran rubutu: layi biyu a allo ba ƙari, a yanke jimla inda ma'ana ta tsaya, a nuna mai magana, a rubuta sautin da ke da muhimmanci, a ajiye rubutun a fayil dabam irin SRT ko WebVTT domin mai kallo ya iya ƙara masa girma. Rubutun inji daftari ne da za a fara da shi, kuma ba kamfanin rubutu jerin kalmomin fannin tun farko yana rage kuskure sosai. Mai sayen manhaja kuwa shi ne aka fi mantawa. Idan ya sa hannu a kwangilar shekara biyar ta na'urar kunna bidiyo da ba ta aiki da madannai, duk ƙoƙarin malamai ya tashi a banza. Takardar da kamfani ke cikewa kan ingancin kayansa, wadda ake kira VPAT, da'awar mai sayarwa ce, sai an gwada kayan kafin a biya.

Gwaji ma hawa-hawa ne. Manhajoji irin WAVE da axe suna kama hoton da ba shi da bayani da launin da bai fita ba cikin daƙiƙu, amma ba za su iya sanin ko bayanin yana da ma'ana ba. Hoton jadawali da aka rubuta masa "hoto1" zai iya wucewa. Don haka sai an haɗa da hannu: a ajiye linzami, a bi shafin da Tab daga sama har ƙasa, a ga ko ana ganin inda aka tsaya, ko ana iya kunna bidiyo a tsayar, ko taga da ta buɗe tana rufuwa. A kunna NVDA, wadda kyauta ce, a kashe allo, a gwada yin rajistar darasi. Sannan a ɗauki naƙasassu masu amfani da waɗannan kayan kullum su gwada, a biya su ladan aikinsu, domin su ne ke gano abin da ya cika mizani a takarda amma yake cin minti ashirin a aikace.

A watan Afrilun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta WCAG 2.1 a matakin AA a kan shafuka da manhajojin waya na hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi, har da jami'o'in gwamnati, ta ba manya wa'adin shekara biyu, ƙanana shekara uku. Ƙa'idar ta yi sassauci ga tsofaffin abubuwan da aka adana a rumbu, da sharaɗin an yi su kafin wa'adin, an ajiye su don bincike ko tarihi kawai, a wurin da aka bayyana cewa rumbu ne, kuma ba a taɓa su ba tun da aka adana. Laccar da malami ya ciro daga rumbun ya sa a darasin bana ta fita daga wannan sassauci, dole a sa mata rubutu kafin zango ya fara.